Lambun renon itatuwa na unguwarmu: shaidar mai saye bayan damina biyu

A bayan masallacin ƙauyenmu, wanda yake gefen hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari, akwai wani fili da bai kai filin ƙwallon yara girma ba, an kewaye shi da dannin ƙaya da tsohuwar waya, kuma a cikinsa ne kwamitin unguwa yake renon itatuwan dashe yana sayarwa. Na yi ciniki da su sau biyu, a daminar 2023 da ta 2024, na dasa abin da na saya a gonata da ƙofar gidana da harabar makarantar firamaren da nake koyarwa, saboda haka ina ganin na isa in faɗa wa mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu yadda na same su. Da gangan na ƙi yin wannan rubutu a shekarar farko, domin a tsakiyar marka kowane dashe kore ne shar, kowane mai sayarwa kuma gwani ne. Sai iskar bazara ta kaɗa, ciyawa ta ƙare, awaki sun shiga neman abin da za su sa a baka, sannan ake rarrabe wanda ya sayar maka da itace da wanda ya sayar maka da leda cike da ƙasa.

Lambun ya samo asali ne daga wani zama da mai unguwa ya kira a ƙofar gidansa a bazarar 2022, bayan shekaru ana kuka iri ɗaya: a yi shuka, gero ya fito, iska ta taso daga gabas ta binne shi da rairayi, a sake shuka, wani lokaci har sau uku. A wannan shekarar ce kuma ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a yankunan Haɗeja da Auyo da Ringim, a cikin bala'in da ya kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, alhali mu da muke arewacin jihar, dab da iyakar Nijar, yashi ne yake cin gonakinmu. Dattawanmu ba sa buƙatar rediyo ta gaya musu cewa yanayi ya sauya. Sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, kuma suna iya nuna maka da sanda inda tsamiya da kanya da ɗorawa suke a da, wurin da yanzu babu ko kututture. Abin da ya bambanta wannan zama da na baya shi ne ba a tashi da alkawarin rubuta wa kowa takardar neman taimako ba. An yanka wa kowane gida ɗan abin da zai bayar, dagaci ya amince da filin, matasa suka yi gayya suka kewaye shi, aka kuma ɗora aikin reno a hannun wani dattijo da ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya, wanda kowa yake kira Baba.

Zan fara da abin da mai saye zai gani idan ya shiga. Babu allon sanarwa, babu ofis, sai rumfar zana guda biyu da layukan leda a jere a ƙasa, an ware kowane iri da karan dawa. Ledar ma ba saye aka yi ba: ledar ruwan sha ce da yara suke tsintowa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a yanke bakinta, a huda gindinta, a cika ta da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ruwa yana zuwa ne daga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da ke kusa da masallaci, kuma an yi yarjejeniya cewa lambu ba ya ɗiba sai bayan mata sun gama ɗibar na gida da hantsi. Ranar da na fara zuwa na tarar da Baba a zaune a kan buhu, da tasa cike da ƙwayar gawo a gabansa, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ɗan ƙwalle gefen ɓawonta da abin yankan farce. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, «Malam, ƙwayar gawo ba ta tsira sai ta bi ta cikin akuya ko ta bi ta hannuna.» Ɓawon yana da tauri ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, don haka ko dai a ƙwalle shi ko a jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, kuma haka ake yi wa ƙwayar bagaruwa da ta kuka. Wani abu da na lura da shi, wanda daga baya na gane muhimmancinsa, shi ne yadda yake sa yara su ɗaga kowace leda su sauya mata wuri lokaci zuwa lokaci, domin kada saiwa ta ɓulla ta ƙasan ledar ta kama ƙasa, ranar ɗauka a tsinke ta. Wanda ya san wannan ya san aikinsa.

A cinikin farko na ɗauki dashe arba'in: gawo goma, dogon yaro goma, bagaruwa goma don shinge, zogale biyar da mangwaro biyar. Farashin itatuwan daji bai taka kara ya karya ba, kuɗin ɗaya bai kai na shayi da burodi ba, sai dai mangwaro da aka ce mai aure ne, wato wanda aka haɗa masa reshen iri mai kyau, ya ninka su sau da yawa. Zuwa ƙarshen bazarar da ta biyo baya ina da ashirin da bakwai a raye. Dogon yaro bai ba ni wahala ba ko kaɗan, tara suka rayu, yanzu wasu sun wuce tsayina. Bagaruwa ta yi abin da aka santa da shi. Zogale kuwa laifina ne, domin na dasa shi a inda tumaki suke bi, kuma zogale a gaban dabba tamkar tuwo ne a gaban mai azumi. Gawo shida suka tsira, gara ta ci biyu, sauran biyun kuma ban san abin da ya same su ba, na dai zo na tarar sun bushe a tsaye. Duk wanda ya taɓa dasa itace a jigawa irin tamu ya san cewa wannan sakamako ba na rainawa ba ne.

Amma ba ingancin dashen ne ya sa nake ba da shawarar a je wurin ba, domin ana samun dashe mai kyau a garuruwa da dama. Abin da ba a samu a kasuwa shi ne littafin da kwamitin yake riƙewa da kuma ikon da yake bayan littafin. Duk wanda ya saya, sakataren kwamiti yana rubuta sunansa da irin da ya ɗauka da wurin da zai dasa, kuma ba a ba ka ko leda ɗaya sai wani daga cikin matasan ya je ya ga ramukan da ka haƙa da ƙayar da ka tanada don kewayewa. Na ji haushin wannan sharaɗi da farko, na ce da kuɗina zan saya kuma a sa ni jarrabawa kamar ɗan aji uku. Daga baya sai na ga amfaninsa. Sau uku suka zo gonata a cikin ranin, suna ƙirgawa suna rubutawa, kuma su ne suka nuna mini dabarar huda gindin tsohuwar robar lemo a binne ta kusa da saiwa, a riƙa cika ta da ruwa bayan 'yan kwanaki, maimakon a kwarara bokiti a kan yashi rana ta shanye kafin azahar. Su ne kuma suka ce in zuba toka a kewayen ramin saboda gara, in rufe gindin da buntun gero don ya riƙe laima, amma kada in bari ya taɓa jikin itacen.

Ranar da na tabbatar da darajar wannan tsari ita ce ranar da awakin wani maƙwabcina suka ture shingen ƙofar gidana suka cinye dogon yaro biyu da mangwaro ɗaya har ƙasa. A da, irin wannan magana tana ƙarewa ne da «a yi haƙuri, dabba ce», ko kuma ta zama gaba tsakanin gidaje biyu har shekara. Wannan karon sakatare ya zo da littafi, muka tafi ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, muka zauna a kan tabarma. Maƙwabcin nawa, wanda ya girme ni kuma nake ganin mutuncinsa, ya ce, «Ranka ya daɗe, rani ne, tun kaka da kakanni ake sakin dabbobi bayan an kawar da amfanin gona.» Mai unguwa bai musa masa ba. Ya ce gaskiya ne, amma kaka da kakanni sun bar mana itatuwa mun sare, kuma an yi zama an amince a gaban liman cewa duk dabbar da ta ci dashen da ke cikin littafi, mai ita zai biya sabo ya kuma shayar da shi har ruwa ya sauka. Sai ya juyo gare ni ya ce, «Kai kuma Malam, an gaya mini shingenka ko kaza za ta ture shi.» Aka yi dariya, aka raba laifin, shi ya biya dashe, ni na sake shinge da turaku masu ƙwari, yaransa suka yi ta kawo ruwa har watan Yuni. Babu wani mai sayar da itace a bakin titi da zai iya haɗa maka da wannan a cikin ciniki, domin ba shi ne yake raba faɗan gado da na iyakar gona a unguwar ba, ba shi ne kuma za a haɗu da shi a sahun sallar asuba ba.

Na taɓa ganin akasin haka. Shekarun baya wasu baƙi sun zo da motoci da rumfa da lasifika, aka dasa itatuwa masu yawa a bakin hanya, aka ɗauki hotuna, aka raba huluna, kafin hunturu ya fita babu ko ɗaya, saboda ba a ce wa kowa wannan naka ne ba.

Yanzu kuma ga inda gizo yake saƙa. Mangwaron da aka sayar mini a matsayin mai aure, uku daga cikin biyar ba su da aure. Ban gane ba sai da wani abokin aikina da yake da lambu a wajen Kazaure ya zo ya duba, ya nuna mini cewa babu tabon haɗi a jikin karan, wurin da ake ɗaure reshen uwa mai kyau a kan ɗan tsiron ƙwallo. Bambancin ba ƙarami ba ne: mai aure yana iya fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu kuma ka san irin da za ka ci, na ƙwallo kuwa sai ka jira kusan ninkin haka, kuma mai yiwuwa ya ba ka mai zare. Da na koma da ƙorafi, Baba bai ɓoye ba, ya ce mangwaron ba su suka rena ba, sarowa suka yi daga wani dillali, su ma an cuce su. An mayar mini da bambancin kuɗin, amma sai da na yi sawu uku, domin ma'aji ya yi tafiya kuma babu wanda yake da ikon taɓa asusu in ba shi ba. Ina ganin lambun da ya yi suna da gaskiya bai kamata ya sayar da abin da bai san asalinsa ba. Haka nan na ga suna da dabino na ƙwallo, suna sayarwa ba tare da gaya wa mutane cewa dabino yana da namiji da mace ba, kuma ba a gane wanne ne wanne sai ya yi fure bayan shekaru, ta yadda mutum zai iya shayar da namiji tsawon lokaci yana jiran 'ya'yan da ba za su zo ba.

A cinikin shekara ta biyu na ci karo da wata matsalar. Wasu daga cikin dogon yaron da aka ba ni ragowar bara ne, sun yi tsawo sun yi kyau a ido, amma da na yanke ledar sai na ga saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo. Irin wannan dashe yana daɗewa bai kama ƙasa ba, kuma ko ya girma iska tana iya kayar da shi. Mai saye ya kiyaye: babba a leda ba shi ne mai kyau ba. Gara ɗan ƙarami mai kauri wanda bai wuce kamu biyu ba.

Akwai kuma wani saɓani da nake da shi da kwamitin wanda ya fi waɗannan zurfi, wato yawan dogon yaro da itacen turare a cikin lambun. Na fahimci dalilinsu. Su ne mutane suke tambaya, suna saurin girma, kuma suna sa alƙaluman littafi su yi kyau. Dogon yaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya aka kawo shi a zamanin Turawa, ya dace da ƙofar gida da makaranta da kasuwa da maƙabarta, babu mai jayayya da inuwarsa. Amma ba itacen tsakiyar gona ba ne, domin gero ba ya yin kirki a ƙarƙashinsa, turare kuwa shan ruwansa ya isa a yi tunani kafin a kai shi kusa da rijiya ko fadama. Itacen gona shi ne gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, sannan da rani ya yi ganye da 'ya'ya ya ciyar da dabbobi lokacin da babu komai. Kowane manomi ya san cewa zangarniyar da ke gindin gawo ta fi ta sauran gona. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da za a iya yi da wannan sani ta hanyar da suke kira sassaben zamani, wadda wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa ta a yankin Maraɗi tun farkon shekarun 1980: maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, tsohuwar saiwar da ke ƙasa ta ɗauki nauyin renonsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da leda ko butar ban ruwa ba.

Don in yi musu adalci, kwamitin ya fara wannan aikin a bara. Idan ka nema, Baba zai bi ka gona kafin sharar gona, ya nuna maka tohon gawo da kalgo da sabara da magarya da aduwa da ya kamata ka bari, ya ɗaura musu ƙyalle don masu noma su gani. Ba ya karɓar komai sai abin da ka ba shi na goro. A gonata ya ɗaura wa goma sha huɗu, kuma babu ɗaya da ya mutu, ban kuma kai musu ko kofin ruwa ba. A ganina wannan ne mafi amfani a cikin duk abin da suke yi, amma shi ne wanda ba sa tallatawa, watakila don ba ya kawo kuɗin shiga asusu.

Maganar asusu ta kawo ni ga shugabancin kansa. Ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar masallaci bayan kaka, wannan abin yabo ne. Sai dai dashen kyauta da aka ce an ware wa marayu da masu ƙaramin ƙarfi, na ga wasunsa a ƙofar gidajen da ba su cikin wannan sahu, kuma ba ni kaɗai na gani ba. Sannan babu mace ko ɗaya a cikin kwamitin, alhali mata ne suke shayar da dashen cikin gida, su ne suke sayen zogale da kuka saboda miya, su ne kuma suka fi kowa sanin nisan da ake yi kafin a samo itacen girki, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa na birni kan gawayi, motocin itace suka ƙara shigowa ƙauyuka. Mahaifiyata ta taɓa ce mini, «Ku kuna dasawa da safe, masu gatari suna sarewa da dare, ku tambaye mu mu gaya muku ta inda suke bi.» Na kai wannan magana gaban mai unguwa, ya ce za a duba yadda uwargidan liman da ungozoma za su riƙa kawo ra'ayin mata. Har yanzu ana dubawa.

Ba na cewa lambun unguwa zai maye gurbin manyan shirye-shirye. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka tsara zai ratsa kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, ya haɗa da jihohi 11 na arewacin Nijeriya, Jigawa da Kano suna ciki, kuma tun 2015 aka kafa masa hukuma ta ƙasa. Akwai kuma shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace mai suna ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan su ne suke da ƙarfin haƙa rijiyoyi da kafa shingen itatuwa mai tsawon kilomitoci, abin da kuɗin karo-karon ƙauye ba zai taɓa yi ba. Abin da unguwa take da shi shi ne sanin akuyar wane ce, gonar wane ce, kuma wa zai ji kunya idan aka karanta sunansa a ƙofar masallaci an ce dashensa goma duk sun mutu.

Ga wanda zai zo daga Sule Tankarkar ko Gagarawa ko wani ƙauye na kusa, ya sani cewa bibiyar da na yaba ba ta wuce iyakar ikon mai unguwarmu ba, don haka dashe kawai zai samu, sai dai idan ya zo da nasa mai unguwar su ga yadda ake riƙe littafin. Ya zo da sassafe ko bayan la'asar, domin da rana ba ya samun kowa sai yara, kuma ya guji ranar Alhamis, kowa yana kasuwa. Lokacin ɗauka shi ne bayan ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuli, kada ya wuce tsakiyar Agusta, don dashen ya sami ragowar damina ya kafa saiwa. Ya ɗaga kowace leda ya duba gindinta, ya nemi a nuna masa tabon aure a jikin mangwaro da yatsa, kada kuma ya ɗauki fiye da abin da zai iya kewayewa da shayarwa har watanni bakwai ko takwas na rani. Ni dai na riga na sa an rubuta mini na bana: gawo goma, tsamiya biyu da kuka ɗaya don harabar makaranta, babu mangwaro, kuma na roƙi Baba ya sake bina gona kafin a fara shara, domin akwai wani toho a kusurwar gabas da muke gardama da ƙanena ko kanya ce ko ba ita ba.